Kiɗa da abokinka na Landan ta intanet

Ɗan'uwa, ka ce kana kaɗa kalangu a Agege, abokinka na kaɗa jita a Landan, amma duk sanda kuka haɗu ta kiran WhatsApp sai kiɗan ya watse. Ba daga hannunka ba ne, nisa ne. Sauti na cin kusan milisakan 100 (wato kashi ɗaya cikin goma na sakan) zuwa da dawowa tsakanin Legas da Landan, alhali makaɗa kan fara rikicewa da zarar jinkiri ya wuce 30. Ko manhajar Jamulus, da aka yi don wannan aiki, ba za ta rage faɗin teku ba.

Ni dai a ganina ku haƙura da kiɗan kai tsaye. Ku buɗe BandLab, manhajar ɗauka da haɗa kiɗa, kyauta ce. Ku tsayar da saurin kiɗa, a ce bugu 100 a minti, ka fara zuba kalangunka, shi ya ɗora jita a kai in ya samu sarari.

Ka jira dare ya tsala, janaretan maƙwabta ya yi shiru, ka rataya bargo a bayanka saboda amsa-kuwwa. In ta WhatsApp za ka tura, tura fayil ɗin WAV (nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba) ɗungurungum, ba saƙon murya ba, don shi matse sauti yake yi har zaƙin kalangu ya ɓace.