Amsa ga Maman jaririn Agege: wai ɗan wata takwas ba ya rayuwa?

'Yar'uwa, sannu da arziki, Allah ya raya. Kin ce kin haihu a sati 34, yaro kilo 1.9, an sallamo ku, uwar mijinki kuma tana ta cewa gara bakwaini, ɗan wata takwas ba ya zama. Wallahi sai da raina ya ɓaci, don na san zafin maganar nan. Mace na jego, jini bai ɗauke ba, nono na ciwo, babba ta zauna a bakin gado tana yi wa ɗanki lissafin mutuwa. Har ta ce kada a wahala da ragon suna! Wace irin zuciya ce wannan? Kuma in wani abu ya faru su ce ai dama sun faɗa.

Ba gaskiya ba ne. Kowane sati da yaro ya ƙara a ciki huhunsa ƙara ƙwari yake, a wajen sati 34 ne ma yake fara iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi. Naki ya fi bakwaini ƙarfi nesa. A ganina ga inda camfin ya samo asali: bakwaini kowa na tsoronsa, a naɗe shi a auduga, a hana shi fita. Ɗan wata takwas kuwa kamar cikakke yake a ido, sai a yi ta masa wanka safe da yamma, a yi aski, a yi ta miƙa shi hannu-hannu wajen barka, sanyi ya kama shi.

Sanyin nan shi ne abokin gabarki, kada zafin Legas ya ruɗe ki. Ki yi goyon ƙirji: daga shi sai famfas da hula da safa, ki ɗora shi a tsaye tsakanin nonuwanki, fata da fata, kansa a juye gefe, ki ɗaure da zane. Awa 8 a rana mafi ƙaranci. Babansa ma ya karɓe ki. Wanka ya jira, shafa da tsumma mai ɗumi ya isa. Kada fanka ta hura shi kai tsaye.

Nono duk awa 2 zuwa 3, ko barci yake ki tashe shi, don irinsu ba sa kukan yunwa, sukarin jininsu ne ke sauka. In ya gaji da tsotso ki tatsa a ƙaramin kofi ki ba shi a hankali, ban da ɗura. Ban da ruwa, ban da zuma, ban da agbo, jiƙon gargajiya na Yarabawa, da maƙwabta za su kawo. 

Cibiya maganin shafawa na Chlorhexidine kaɗai, babu gashi da kasko. Ki fitar da kafur daga akwatin kayansa, yana fasa jinin wasu yaran ya kawo shawara. In idonsa ko tafin hannunsa ya yi rawaya, ko ya ƙi nono, ko numfashi ya wuce 60 a minti, ko jikinsa ya yi sanyi ƙasa da digiri 36.5 a ma'aunin zafin jiki, kada ki jira gari ya waye, kada ki jira izinin Hajiya. Asibitin koyarwa na jihar Legas, LASUTH, a Ikeja yana kusa da ke, ku tafi da katin sallamarku.