Tambaya da Amsa: Littattafan Gyaran Famfo Sun Fi Ƙarfin Word

Daga wata ma'aikaciya a Garwa:

Assalamu alaikum Malam. Ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya a nan Garwa, muna kafa famfunan tuƙa-tuƙa da na hasken rana a ƙauyukan da ke bakin Binuwai. Ni ce mai rubuta littattafan da ake ba masu gyara. Famfo iri 4 muke da su, kowane littafi kuma yana da na Faransanci da na Hausa da na Fillanci. Duka a Word nake yin su. Da an canza abu ɗaya sai na bi fayil 12 ina gyarawa, wani lokaci kuma na Hausa ya faɗi wani abu, na Faransanci ya faɗi wani daban. Wani injiniya daga Yawunde ya ce mu koma tsarin rubutu na XML, mu sayi manhajar Oxygen. Wani ya ce FrameMaker ya fi, wani kuma ya turo mini Paligo. Shugabanmu ya ce in kawo masa suna ɗaya kafin a rufe kasafin kuɗi. Wanne zan zaɓa?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tunda shugabanku suna ɗaya yake jira, ga shi: Oxygen XML Author, lasisi ɗaya tak, a yi rubutun bisa DITA, wani tsarin XML da ake rubuta littafi guntu-guntu. Amma kada ki kai masa takardar saye sai kin cinye kwana 30 na gwajin da kamfanin yake bayarwa kyauta, kuma da shafukanki za ki gwada, ba da misalan da suka zo da manhajar ba.

Mutanen nan uku sunayen manhaja suka ba ki, alhali akwai shawarar da ta riga wannan. Manhaja keken ɗinki ce, fayilolinki su ne yadin. Keke ana sauya shi, yadin da aka yanka kuwa ya yanku. Saboda haka abin da za ki fara tsaidawa shi ne irin tsarin da za a zuba rubutun a ciki.

A Word, in kina son gargaɗi ya fito, sai ki yi masa manyan baƙaƙe ki sa shi a akwati, kwamfuta kuwa ba ta san gargaɗi ba ne. A XML alama kike sa wa kowane yanki kina faɗin ko shi menene: wannan gargaɗi ne, wannan mataki na 3 ne, wannan lambar kayan gyara ce. Kamannin shafi kuma daga baya ake tsara shi, wuri ɗaya, ya hau kan littattafan duka. Hukumar W3C ce ta fitar da XML a 1998, daga wani tsohon tsari mai suna SGML na 1986. Fayil ɗinsa rubutu ne zalla, ko Notepad zai buɗe shi.

A irin wannan rubutu na XML, tsari uku za ki riƙa ji. S1000D na masu jiragen sama da kayan soja ne, ki bar musu abinsu. DocBook ya faro tun 1991, ya dace da littafi guda da ake karantawa daga babi na farko har ƙarshe, kuma ya fi sauƙin koyo. DITA kuwa IBM ta ƙirƙiro shi, ta miƙa wa hukumar OASIS, ya zama ma'auni a 2005. Shi ba littafi ake rubutawa ba. Guntaye ake rubutawa, kowanne da fayil ɗinsa: wani yana bayyana menene abu, wani yana jera matakan aiki, wani kuma jadawali ne na dubawa, irin girman noti da lambar sifana. Sai a yi wani fayil da ake kira taswira, wanda yake jero guntayen ya ce ga littafi.

Dalilin da ya sa na zaɓa miki DITA yana cikin famfunanku ne. Ban san nau'o'in da kuke kafawa ba, amma ɗauki India Mark II da India Mark III, waɗanda kowane mai gyara a yankinmu ya san aƙalla ɗayansu. Kan famfon kusan iri ɗaya ne. Yadda ake buɗe murfi a sa wa sarƙa giris, yadda ake ɗaure notunan hannu, gargaɗin kada a bar sandar ƙarfe ta suɓuce ta faɗa rijiya, duk ɗaya ne. Inda suka rabu shi ne canza robar silinda: a Mark II sai an ciro bututun gaba ɗaya, a Mark III kuwa ana jawo fistan ta cikin bututu ba tare da an ɗaga shi ba. A Word kin kwafi shafin giris sau biyu, kin kuma fassara kowanne sau biyu. A DITA guntun giris ɗaya ne, taswira biyu ce take kiransa. Ranar da injiniya ya ce a canza irin giris, wuri ɗaya za ki taɓa a kowane harshe. Ko jimla guda ta gargaɗi ana iya ajiye ta gefe a riƙa janyo ta duk inda ake so. Akwai kuma hanyar sa wa sakin layi sharaɗi, a ce wannan na Mark III ne kawai, sai ya ɓace daga littafin Mark II lokacin fitarwa. Ciwon da kika kawo ke nan, kuma maganinsa a tsarin yake, kowace manhaja aka yi amfani da ita.

Sai manhajojin. Oxygen na kamfanin Syncro Soft ne da ke Craiova a Romaniya. Yana aiki a Windows da Mac da Linux, yana zaune a cikin kwamfutarki, kuma yana zuwa da DITA Open Toolkit a haɗe, wato injin kyauta da ke mai da guntaye su zama PDF ko shafin intanet. Yana da fuskar da ta yi kama da Word, inda ba lallai ki ga alamomin ba, in kuma kika sa abu inda tsari bai yarda ba zai nuna miki nan take. Bugunsa iri-iri ne. Wanda ake kira Author na marubuta ne, shi ya ishe ki. Editor ya ƙunshi kayan masu shirya manhaja da ba za ki taɓa ba.

FrameMaker na Adobe ne, tun 1995 da ta sayi kamfanin da ya ƙirƙire shi. Ba na raina shi ko kaɗan, wajen tsara shafin bugawa gwani ne, littafi mai shafi 800 ba ya gagararsa. Sai dai a Windows kaɗai yake aiki, biyan kuɗinsa na haya ne da ake sabuntawa, kuma yana barin mutum ya yi rubutu marar tsari a cikin fayil irin nasa. Wanda ya saba da Word can zai karkata, bayan shekara ki tarar kuɗi ya fita amma XML bai samu ba. XMetaL da Arbortext kuwa an fi ganinsu a manyan kamfanoni masu marubuta da yawa da ma'aikacin da aikinsa ke nan kula da su. Ke kaɗai ce.

Paligo na Suwidin ne, an gina shi a kan DocBook, kuma yana da kyau ƙwarai wajen fassara da aikin tarayya. Amma a intanet yake zaune, ta burauza ake shiga. Kin fi ni sanin Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da ruwan madatsar Lagdo mai ba da lantarki ya ja baya, wuta ta zama ta rabo. Kwamfutar cinya mai batir za ta ba ki awa biyu ko uku na aiki, in dai manhajar a cikinta take. In kuwa sai da intanet, ranar da layi ya yanke kin zauna ke nan. Sannan kuɗinsa duk shekara ne, da kuɗin waje. Yuro 1 sefa 655.957 ne, wannan ba ya motsi, amma na dala yana hawa yana sauka, kuma ƙungiya irin taku da tallafi take tafiya. Ki tambayi duk mai sayar da irin wannan: ranar da muka kasa biya, a wane tsari za mu kwashe rubutunmu? Oxygen ana samun lasisinsa na dindindin, wanda ko ba a sabunta ba bugun da aka saya zai ci gaba da aiki. Shi za ki nema.

Akwai ɗaya da ba su ambata miki ba: XMLmind XML Editor, na wani ƙaramin kamfani a Faransa. Ya iya DITA da DocBook, ba shi da nauyi, kuma yana da bugun kyauta. Ki karanta sharuɗɗan lasisin bugun nan da kyau kafin ki yi aikin ƙungiya da shi. In shugabanku ya ga farashin Oxygen ya ja baya, nan za ki koma, kuma fayilolin da kika riga kika rubuta za su buɗe a ciki, tunda DITA ne.

Yanzu gwajin, kuma nan nake so ki fi ba da hankali, domin gani ya kori ji. Ɗauki shafi 10 daga littafin da ya fi ba ki wahala, a ciki a samu jadawali da hoto da gargaɗi. Ki rubuta su da harsunan uku, ki fitar da PDF, ki duba ɓ da ɗ da ƙ na Hausa, da ƴ da ŋ na Fillanci, manya da ƙanana. Injin PDF na kyauta da DITA Open Toolkit yake amfani da shi, Apache FOP, in bai sami harafi a zubin baƙaƙen (font) da aka ba shi ba, alamar # yake sawa a gurbinsa. Sai ki ga "ɗaure" ya fito "#aure". A cikin manhajar komai lafiya, a PDF ɗin ne abin yake bayyana, kuma sau da yawa a kanun shafi ko cikin jadawali, inda zubin ya bambanta da na sauran rubutu. Maganin shi ne a nuna wa injin zubin da ke da haruffanmu, irin Charis SIL ko Andika ko Noto Sans, duka kyauta ne, a kuma sa su shige cikin PDF ɗin don kada su canza a shagon bugawa. Ki sa wa kowane guntu alamar harshensa, ha ga Hausa, fr ga Faransanci, ff ga Fillanci. Ki kuma lura da kalmomin da injin yake sawa da kansa, irin kanun jerin abin da ke ciki da kalmar da ke saman gargaɗi: na Faransanci suna zuwa a shirye, na Hausa da Fillanci ki shirya rubuta su da hannunki a fayil ɗin saiti. Aikin yini ɗaya ne, amma in ba a yi ba mai gyara zai ga Turanci a saman gargaɗin da ya shafi yatsunsa. Wajen buga haruffan kuma akwai manhajar Keyman, kyauta, da tsarin madannai na harsunan Kamaru.

Bayan haka ki kashe intanet ki sake fitar da littafin, ki tabbata ya fita. Ki buga shafi biyu baƙi da fari a irin injin da kuke amfani da shi, ki kuma tura PDF ɗin ta WhatsApp zuwa wayar wani mai gyara. Shi ne alƙalin, ba injiniyan Yawunde ba. In ya iya bin matakan yana tsugune gindin famfo da rana tsaka, an dace.

Hotuna kada ki rubuta sunayen sassa a jikinsu. Lamba za ki sa, 1, 2, 3, bayanin ya zauna a ƙasa cikin rubutu, sai hoto ɗaya ya ishi harsunan uku. Wajen fassara ki tsai da harshe guda a matsayin uwa, duk gyara daga can zai fara. Akwai OmegaT, manhajar kyauta da ke tuna jimlolin da aka taɓa fassarawa, za ta rage miki maimaici sosai. Fayilolin kuma ki koyi ajiye su da Git, wanda ke riƙe tarihin kowane canji ko babu intanet, sannan kowace Juma'a ki kwafe su a filash da ba a ofis yake kwana ba.

Abin da zan so ki faɗa wa shugabanku ƙarara shi ne lasisi ba shi ne babban kuɗin ba, lokacinki ne. Watannin farko aikin zai yi jinkiri fiye da Word, domin yanka tsohon littafi zuwa guntaye tunani ne, ba kwafi ba. Kada ki juya 12 ɗin gaba ɗaya. Fara da famfo biyu da suka fi kama da juna, a harshe ɗaya. Ki nemi ya ware miki lokacin a rubuce, ya kuma haɗa ki da mutum na biyu da zai koya tare da ke, saboda littattafan nan kada su tsaya ranar da kika tafi hutu.

Daga wani malami a Njamena:

Salam. Cibiyarmu tana koyar da haɗa wutar sola, littafinmu ɗaya ne mai shafi 40, da Faransanci da Larabci. XML zai amfane mu?

Amsa:

Malam, littafi ɗaya da ba ya maimaita kansa bai kai a ɗauki wannan nauyin ba. Ku zauna a Word ko LibreOffice, amma ku yi amfani da salon kanu da na sakin layi da ke cikin manhajar maimakon gyara kowane layi da hannu, domin hakan zai sauƙaƙa ƙaura in littattafan sun yawaita nan gaba. In ranar ta zo, tunda Faransanci da Larabci duka harsunan hukuma ne a Cadi kuma ba za ku iya barin ɗaya ba, shafin Larabci za ku fara gwadawa. DITA yana da alamar da ke nuna rubutu daga dama yake farawa, sai dai ku duba jerin matakai da ginshiƙan jadawali ko sun juya, da kuma layin da ya haɗa Larabci da abu irin 12 V ko lambar batir, don nan ne tsarin kalmomi yake rikicewa. Zubin baƙaƙe kuma Amiri ko Noto Naskh Arabic zai wadatar da ku.