Amsa: mmap_read_lock kaɗai ba zai ishe ka ba

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce modul ɗin kanel (zuciyar Linux) da kake rubutawa don aikinka na ƙarshe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana bin teburin shafuka na Linux don gano inda adireshin wani shiri ya sauka a ram, ka riƙe makullin mmap_read_lock, amma da aiki ya yi wa na'ura yawa sai ta sandare, har ka fara zargin zafin Sakkwato. Bar zafi ya huta, ba shi da laifi a nan. Na daɗe ina duba irin wannan aiki, kuma kusan kullum wuri ɗaya ake tuntuɓe.

Makullin da ka riƙe yankunan adireshi yake tsarewa, wato VMA: ba mai gusar da iyakarsu ko ya rushe su kana ciki. Abin da ke rubuce a cikin tebur kuwa ba ruwansa. Kamar hukumar kasuwa ce ta ba ka tabbacin ba za a tashi rumfa ba. Wannan bai hana mai rumfa sayar da buhun da kake kallo ba. Kana riƙe da makullin, wani zaren (thread) na shirin zai iya shigo da sabon shafi, kswapd, mai sama wa ram sarari, ya kwashe wani zuwa swap, wato ma'ajiyar wucin gadi a wajen ram, ko a yi wa wani ƙaura zuwa wani gurbi a ram. Masu kwashe shafuka ma ta hanyar rmap (bi daga shafi zuwa teburan da ke nuna shi) suke shigowa, ba sa neman mmap_lock, wato makullin da ka riƙe, ko kaɗan.

A x86-64 za ka sauka ta matakan tebur: PGD, P4D, PUD, PMD, sannan PTE, kowane tebur da gurbi 512. Inda aka fi faɗuwa shi ne PMD. Gurbin nan ba dole ba ne ya nuna wani tebur a ƙasa. Yana iya zama katafaren shafi guda na megabait 2. Idan ka ɗauka tebur ne ka sauka, bayanan mai shiri kake karantawa a matsayin adireshi, sai abin da Allah ya yi. Karanta gurbin sau ɗaya, ka ajiye, ka yi duk gwajinka a kan abin da ka ajiye. In katafaren shafi ne, pmd_trans_huge_lock za ka kama.

A mataki na ƙarshe pte_offset_map_lock ne abokin tafiya, ka karanta da ptep_get, ka saki da pte_unmap_unlock. Ka lura da wannan sosai: daga Linux 6.5 na 2023, bayan gyaran da Hugh Dickins ya yi, yana iya dawo maka da NULL idan teburin ya gushe kafin ka kama shi, misali khugepaged, wani zaren kanel, ya haɗe ƙananan shafuka 512 zuwa babba ɗaya. Darussan da ke yawo a intanet yawancinsu sun girmi wannan sauyi, wasu ma har yanzu mmap_sem suke kira, sunan da aka sauya tun 5.8 a 2020. In ka ga wannan suna, ka san tsohon zance ne.

Makullin PTE sifinlok (spinlock) ne, ba a barci da shi a hannu. Ba kmalloc da GFP_KERNEL, ba copy_to_user, ba mutex. Kwafi abin da kake so, saki, sannan ka yi sauran.

Abin da ɗalibai ba sa son ji: da zarar ka saki makullin, adireshin da ka samo ya zama labarin jiya. In nunawa kawai za ka yi a allo, ba laifi. In za ka taɓa shafin, sai ka ɗaure shi da pin_user_pages_remote, ka kwance da unpin_user_page. Irin wannan rata tsakanin dubawa da aikatawa ita ta haifi ɓarakar tsaron nan Dirty COW da aka bankaɗo a 2016, bayan ya kwana a kanel tun 2007, kuma ba yara ba ne suka rubuta wurin.

Kada ka yi koyi da get_user_pages_fast don ka ga yana tafiya ba makulli. Kashe intarof (interrupt) yake yi don kada a 'yantar da tebur yana ciki, kuma yana sake duba gurbi bayan ya kama shafi. Ba aikin wata uku ba ne.

Ni dai da ni ne, walk_page_range da ke mm/pagewalk.c zan ɗauka in huta, sai dai wasu daga cikin waɗannan ba a buɗe su ga modul na waje ba, don haka ka shirya gina kanel ɗinka da kanka. Kunna CONFIG_PROVE_LOCKING da CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP, ka gwada a cikin QEMU, na'urar kwaikwayo, da ƙwaƙwalwa (CPU) huɗu, kana da wani zare yana ta kiran madvise da MADV_DONTNEED a kan yankin da kake bi. Turo mana abin da dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, ya fitar da lambar kanel ɗinka mu duba tare.