Bashi Ya Yi Mana Katutu, Ta Ina Za Mu Fara Biya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni matar aure ce a Kano, shekararmu tara da aure, muna da yara uku. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, abin da yake shigowa hannunsa a wata naira 140,000 ne bayan an cire masa naira 25,000 na rancen ƙungiyar ma'aikata, ni kuma ina sayar da zoɓo da kunun aya, ina samun ribar da ba ta wuce naira 30,000 a wata ba. Makonni uku da suka wuce wata ƙanwarsa ta turo mini saƙon da aka aika mata a waya, ana kiran yayanta maci amana saboda ya ci bashin wata manhajar ba da rance bai biya ba. A daren ranar ya bayyana mini abin da ya shekara yana ɓoyewa, ni ma na bayyana masa cewa na kwashi adashi na kashe ba da saninsa ba. Da muka rubuta komai sai muka ga manhajar tana bin sa naira 120,000 alhali 85,000 ya karɓa, mai kantin unguwarmu yana bin mu 64,000, makarantar yara 75,000, yayana 150,000 da ya ranta mana na haya, ƙungiyar ma'aikata 300,000, ni kuma saura zubi shida na naira 20,000 a kaina. Jimla naira 829,000. Ina da 'yan kunne na zinari da mahaifiyata ta ba ni, an taya su naira 180,000, amma maigida ya ce ba zai yarda a sayar ba domin abin kunya ne a gare shi. Ta ina za mu fara, kuma wa ya kamata mu fara biya?

'Yar uwarki daga Hotoro, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya yaye muku, ya kuma saka muku da alheri a kan wannan dare da kuka zauna kuka rubuta gaskiya a takarda, domin da yawa daga cikin wasiƙun da suke zuwa wannan shafi mutum ɗaya ne yake rubuto su a ɓoye, yana neman dabarar da zai biya ba tare da abokin zamansa ya sani ba. Ku kun wuce wannan mataki, kuma shi ne mafi wuya. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, gidajen masu albashi da yawa sun koma cike giɓin wata da rance. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ya zo ne a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Na kawo wannan ne don ku daina tuhumar juna da almubazzaranci, ba don in ce ba ku da laifi ko kaɗan ba. Laifin da nake gani shi ne ɓoyon da kowannenku ya yi, kuma a lissafinki ma ya nuna kansa: naira 35,000 da ta hau kan rancen manhajar kuɗin shiru ne.

Abu na farko da nake so ki gane shi ne basussukan nan shida ba iri ɗaya ba ne, ko da yake duk da naira ake ƙirga su. Akwai wanda yake girma kullum kuna barci, akwai wanda haƙƙin wasu mata ne da suke jiran ranar kwasarsu, akwai wanda yake riƙe da tukunyar gidanku, akwai kuma wanda zumunci ne jinginarsa. Saboda haka ba a tsara biyansu bisa wanda ya fi yawa, ba kuma bisa wanda ya fi ɗaga murya ba. Ana duba wanda jinkirinsa ya fi cutarwa.

Bashin manhajar shi ne kaɗai yake hayayyafa, don haka shi za a fara kashewa, kuma a kashe shi gaba ɗaya, domin biyan irin wannan rance kaɗan-kaɗan tamkar ɗiban ruwa ne da kwando. Kafin maigida ya tura ko kwabo, ya nemi su rubuto masa abin da suke bin sa dalla-dalla, uwar kuɗi daban, kuɗin ruwa daban, tarar jinkiri daban, sa'an nan ya nemi ragi a kan cewa zai biya lokaci ɗaya. Ba lallai ne su amince ba, amma mai bin bashin da ya ga kuɗi a ƙasa yakan sassauta. Idan an daidaita, ya biya ta asusun kamfanin kawai, ya adana shaidar biya, ya nemi saƙon da yake tabbatar da an rufe bashin, daga nan ya goge manhajar daga wayarsa. Game da saƙon cin mutuncin da aka tura wa ƙanwarsa, ku sani cewa bin bashi bai halatta wa kowa tozarta mutum a wurin danginsa ba. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ta wajabta wa masu ba da rance ta intanet yin rajista tun 2022, tana kuma karɓar ƙorafi a kan irin wannan hali, sa'an nan kamfanin Google ya hana manhajojin rance leƙa lambobin waya da hotunan mutane tun 2023. Ku ɗauki hoton saƙon ku ajiye, ku kai ƙara idan sun sake. Batun ribar da ke ciki kuwa, haramcinta a bayyane yake a ƙarshen Suratul Baƙara, kuma abin da ya rage wa maigida shi ne ya tuba, ya fita da sauri, ya ƙudurta ba zai koma ba. Babban kuskuren da nake roƙonku ku guje wa shi ne karɓar rance daga wata manhajar don a biya wannan.

Wannan ya kawo mu kan 'yan kunnen, kuma a nan zan ɗan tsaya, domin na san ba kuɗin ne kaɗai ke cikin maganar ba. Dukiyarki taki ce. Ciyarwa da haya da suturar iyali a wuyan miji suke, kuma babu wanda yake da ikon tilasta miki sayar da abin da mahaifiyarki ta ba ki. Amma tunda ke ce kika kawo shawarar da kanki, ra'ayina shi ne maigida ya karɓa, kuma hanyar da za ta sauƙaƙa masa ita ce kada ki ba shi kyauta. Ki ba shi rance. Ku rubuta cewa kin ranta masa naira 180,000, zai mayar miki bayan an gama da na mutanen waje, ku sa shaidu biyu da kuka amince da su. Wasu za su ce rubutu tsakanin mata da miji rashin yarda ne, ni kuwa ina ganin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta ware dangi ko ma'aurata ba. Rubutun yana kare mutuncinsa, domin ya zama mai cin bashi da zai biya, ba wanda ya cinye kayan matarsa ba, yana kuma kare ki daga ranar da za a yi saɓani ki ji kina son yin gori. Idan har yanzu yana jin nauyi, ki tuna masa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sha'ir da ya karɓa domin iyalinsa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Kada kuma ki sallama a tayin farko. Ki kai su wurin masu zinari biyu ko uku a auna a gabanki.

Idan an sayar a kan naira 180,000, a ba manhajar 120,000 ko abin da aka daidaita a kai, ragowar 60,000 ta tafi makaranta. Maigida ya je da kansa wurin shugaban makarantar da kuɗin a hannu, ya nemi a ba shi zuwa ƙarshen wata ya cika 15,000 da ta rage. Makaranta ta fi haƙuri da uban da ya zo ya yi bayani fiye da wanda sai an koro yara ake ganinsa.

Zubin adashi ba ya cikin abin da ake nema wa jinkiri. Kin riga kin kwashi naki, kuma kowace naira 20,000 da ta rage haƙƙin wata mata ce da ta yi zubi kika ɗauka, tana lissafin ranarta, wataƙila ita ma haya ce take jiran ta. Ki ware wannan daga ribar zoɓonki tun kafin ki taɓa komai, kuma idan zagayen ya ƙare ki gaya wa uwar adashi cewa za ki huta. Na ƙungiyar ma'aikata yana biyan kansa daga albashi, watanni goma sha biyu ya rage, sai dai maigida ya yi miki alkawarin ba zai nemi ƙari a kansa ba.

Mai kanti shi ne mutumin da aka fi zalunta a irin wannan hali, kuma ba da gangan ba. Da zarar littafin bashi ya yi nauyi, sai kunya ta sa a riƙa aika yaro wani kantin da kuɗi a hannu, ana zagaye ta bayan layi, shi kuwa yana gani. Ya rasa kuɗinsa, ya rasa cinikinku. Ku yi akasin haka: maigida ya same shi ya ce a rufe littafin daga yau, duk abin da za ku saya a wurinsa za ku saya kuɗi hannu, kuma duk ranar albashi zai kawo masa naira 8,000. Cikin wata takwas an gama. Jarin ƙaramin kanti ba ya jure bashin 64,000 da ba a san ranar biyansa ba, amma yana jure wanda ake ragewa a kan lokaci.

Yayanki shi zai zo ƙarshe a biya, amma shi ya kamata ya zo farko a magana. Kada ku bari shirunsa ya rufe muku ido. Ɗan uwa yakan yi kawaici a baki alhali abin yana cin sa a rai, musamman idan ya ga an yi sabon ɗinki. Ku je gidansa ku biyu, maigida ne zai yi maganar, ya nuna masa takardar nan kamar yadda kika nuna mini, ya ce za a fara kawo masa naira 20,000 a wata na bakwai idan adashi ya ƙare, a ƙara zuwa 28,000 idan an gama da mai kanti. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, sai dai ba zai saurara wa ƙuncin da ba a gaya masa ba. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa jinkirin mawadaci zalunci ne yana nufin ranar da kuka samu hali, jinkirin ya daina zama uzuri.

A takarda, wannan tsari yana ƙarewa cikin kimanin shekara guda. Ba na so in yaudare ki da wannan lissafi, domin akwai abin da bai shiga ciki ba, kuma shi ne ya jefa ku a ramin tun farko: haya za ta sake zagayowa, kuɗin makaranta yana dawowa sau uku a shekara, ga azumi da salla biyu. Idan ba ku ware wa haya wani abu duk wata ba, ko da naira 10,000 ce a asusun da ba shi da katin cirar kuɗi, to baɗi war haka za ku sake tsayawa a ƙofar yayanki. Gara ku ce wa kowa wata goma sha takwas ku cika, da ku ce goma sha biyu ku saɓa. Daga naira 170,000 da take shigowa gidan, idan aka cire zubi da na mai kanti da ajiyar haya, 132,000 ce za ta rage wa mutum biyar, ci da sha da kuɗin mota da wuta da magani da makaranta. Ta yi kaɗan, na sani. Nan ne za ku zauna ku duba abin da zai iya fita na shekara ɗaya, kuma abin da na fi gani yana cinye kuɗin gidaje ba tare da an lura ba shi ne anko da gudunmawar biki da katin waya. Za a yi magana a dangi idan kin je biki da tsohuwar atamfa, amma maganar ba ta kai zafin saƙon da aka tura wa ƙanwar maigida ba. Awon hatsi a kasuwa sau ɗaya a wata ma ya fi saye da gwangwani kullum araha. Idan kuma makarantar yaran ta fi ƙarfinku, sauya ta a ƙarshen shekarar karatu ba gazawa ba ce.

Akwai ƙofa ɗaya da mutane suke mantawa da ita. Waɗanda bashi ya danne suna cikin kaso takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata a masu cin zakka, matuƙar ba a saɓon Allah aka ci bashin ba. Bashin haya da abinci da karatun yara yana iya shiga nan. Ku tambayi malamin da kuka amince da shi a kan halinku, kuma idan akwai mai fitar da zakka a danginku, sanar da shi ba roƙo ba ne.

Daga yanzu takardar nan ta zama ta ku biyu. Ku sa ranar albashi ta zama ranar da za ku fito da ita bayan yara sun yi barci, ku soke abin da aka biya, ku rubuta sabon jimla, kowa ya faɗi abin da ya kashe ba tare da an mayar da zaman kotu ba. Wata zai zo da ba za ku iya cika wani alkawari ba, ciwo ko rasuwa ko gyaran da ba a shirya masa ba. Idan ya zo, a kira mai kuɗin kafin ranar, a gaya masa nawa za a kawo da kuma yaushe. Ki rubuto mana bayan wata shida, idan adashin ya ƙare, mu ji inda jimlar ta tsaya.