Amsa ga ɗan'uwa mai tambaya kan silin da kujerun Peugeot 504

Assalamu alaikum. Malam, da na karanta tambayarka cewa silin ɗin 504 ɗinka ya saki ya yi baƙi, kujerun gaba sun yayyage, kuma mai kushin ya ce a yaye komai a manna sabon yadi a jikin rufin, sai da gabana ya faɗi, domin irin maganar da aka faɗa mini ke nan shekara uku da suka wuce, na kuma yarda. Don Allah kada ka bar masa motar tukuna.

Tawa motar ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna ce, daga masana'antar nan ta Kakuri da ta fara aiki a 1975. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, silin ɗin 504 ba a manne yake da rufi ba. Rataye yake a jikin wasu siraran sandunan ƙarfe masu lanƙwasa da suke tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, an ɗinka wa bayan ledar silin ɗin dogayen aljihuna da sandunan suke shiga, sannan bakinta na gaba da na baya a cusa suke ƙarƙashin robar gilashi. Saboda haka ba a sa shi daidai sai an cire gilashin gaba da na baya, kuma wannan wahalar ce mai kushin ɗinka yake gudu.

Ni na kai wa wani mai kushin motar na yi tafiyar kwana huɗu. Da na dawo na tarar mutumin ya sa reza ya yanke ledar asali, sandunan ya sayar wa 'yan gwangwan, tsofaffin rigunan kujerun kuma ya zubar a bola. Da na tambaye shi dalili, ko tashi bai yi daga kan keken ɗinkinsa ba, ya ce ai wancan tsohon yayi ne. Ya shafa gam a jikin ƙarfen rufin ya liƙa yadi mai soso a baya, kuma ranar da na ɗauko motar ba laifi a ido. Da zafin watan Afrilu ya kama, muna kan hanyar Zariya da mahaifiyata a baya, gam ɗin ya narke, yadin ya sauko mata a ka, garin soso ya cika mata mayafi da idanu. Na tsaya a bakin titi ina riƙe da yadin da hannu ɗaya, ita kuwa ba ta yi faɗa ba, sai dai ta dubi rufin ta ce, haka aka mayar da motar Malam? Har yau in na tuna wannan tambayar zuciyata ƙuna take yi. Na koma wurin mutumin ya ce laifin rana ne, kamar bai san a ƙasar da yake aiki ba, kuma ko kwabo bai mayar mini ba. Ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba, a'a, yadda ya yi wa kayan mahaifina riƙon tsumma.

Sai da na yi watanni ina zarya a Panteka kafin na samu sanduna daga wata matacciyar 504, kuma ka lura na wagon ba ɗaya ba ne da na salun. Kai da naka suke nan, ka ɗauki hoto kafin a taɓa komai, ka sa wa kowace sanda lamba daga gaba zuwa baya, domin tsawonsu da lanƙwasarsu sun bambanta, in aka musanya su ledar ba za ta miƙe ba. Tsohuwar ledar, komai yagewarta, ita ce ma'aunin da za a yanka sabuwa a kai. Haka rigunan kujerun: a warware ɗinkinsu da hannu, a shimfiɗa kowane ƙyalle a kan sabon yadi. Baƙin da ka ce silin ya yi, ina kyautata zaton ruwa ne yake shiga ta robar gilashi ko ta magudanar gefen rufi, to a kankare tsatsa, a yi walda da fenti tun kafin a sa leda, domin wutar walda za ta ƙone ta. Ka nemi sababbin robobin gilashi kafin a cire tsofaffin, su kan tsage da zarar an taɓa su.

Gam a gefe-gefe kaɗai ake shafawa, kuma ka nace sai mai jure zafi, a bar shi ya sha iska kafin a haɗa. Kada a yi aikin da sanyin hunturu, leda takan yi tauri ta ƙi miƙewa. Da hantsi ya fi, a bar ta a rana ta yi laushi. A mayar da abin tare zafi tsakanin rufi da leda, a kuma gwada wayar fitilar ciki kafin a rufe, ni sai da aka sake buɗe gefe ɗaya saboda ita. Soson kujera ka saya da kanka, mai nauyi wanda in ka danna yake dawowa nan take, a duba sifirin da ya karye, a yi ɗinki da zaren nailan. Ban ba ka shawarar baƙar leda ba, da rana ba ta zaunuwa, fata kuma in ba ana shafa mata mai ba iskar hunturu tana tsattsaga ta.

Ranar da za a kwance motar ka ɗauki kujera ka zauna a wurin, duk abin da aka cire, har ƙananan kusoshi, ya shiga buhu ya bi ka gida. Fitilar silin ta asali tana cikin abin da mutumin nan ya ɓatar mini, kuma har yanzu ban samu irinta ba. In ka ci karo da ita wajen neman kayanka, ka taimaka ka yi mini magana.