“To” Ba Ita Ce Fahimta Ba

Ka tambaye ni yadda za ka ba da umarni a wajen gini alhali magininka Bahaushe ne daga Rigasa, kafinta Inyamuri ne daga Sabon Tasha, leburori Gwarawa ne da Bajju, mai tayil kuma ɗan Togo ne da Faransanci kawai yake ji sosai. Ɗana, ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi.

Akwai aikin wani bene da na karɓa a unguwar Barnawa, a Kaduna. Mun zuba dakin, wato rufin kankare na bene, ranar Litinin, aiki ya yi kyau yadda ko injiniya bai sami abin cewa ba. Ranar Juma'a ina saurin tafiya masallaci, sai na kira yaron kafinta na ce masa da Hausa ya cire katakon gefe, amma kada ya kuskura ya taɓa gorar da ke tallafe da dakin daga ƙasa. Ya gyaɗa kai ya ce, “To, Oga.” Ashe a duk maganata “cire” kaɗai ya ji, kuma kunya ta hana shi ya ce bai gane ba. Kafin in dawo ya zare gorar ɗaki guda.

Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, ni kuwa ba na yarda a taɓa gora kafin sati uku. Wannan kwanansa huɗu kacal. Na tarar tsakiyar dakin ta lotsa, tsaga ta ratsa ta har rodi ya bayyana, ga wani lebura zaune a kan yashi yana riƙe da ƙafarsa da katako ya karya. Ni na biya kuɗin asibiti, ni na sayi siminti da tsakuwa aka sake zubawa. Mai gidan kuwa, wanda kullum shi ne yake matsa mini a yi sauri, ya fake da wannan ya riƙe cikon kuɗina, kuma har yau idan na bi ta layin nan sai raina ya ɓaci.

Tun daga ranar, duk wanda na ba umarni sai ya maimaita mini da bakinsa, da Hausa ko da Turancin buroka, ko ya kama hannuna ya nuna mini abin da zai taɓa. Abin da ba a cirewa, jan fenti nake shafa masa. A kowace ƙabila ina da dattijo guda da yake fassara wa 'yan'uwansa, kuma aiki mai haɗari ba na bari a yi shi lokacin Juma'a ko ranar Lahadi, lokacin da rabin mutanena suna wajen ibada.

Zancen hular kwano da takalmi ba zan ɓata bakina a kansa ba. Abin da ke damuna da ku yaran yanzu shi ne, kuna ba da umarni idonku yana kan waya. Gobe da safe, kafin a kwaɓa siminti, ka tara mini ma'aikatan duka, kai za ka yi musu bayani ina tsaye.