Amsa ga mai tambaya kan ajiye ƙaramin jirgi a kan ciyawa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai haɗari ka tuƙa Cessna 172 ɗinka a kan ciyawa ka ajiye shi a can, a taron matuƙa ƙananan jirage da za ka je karon farko. Akwai, kuma mafi yawansa yana tsakanin tayar gaba da farfela.

Ciyawa tana rufa wa ƙasa asiri. Daga cikin jirgi fili za ka gani kore shar, amma a ƙarƙashi akwai rami, akwai busasshen sawun mota, akwai inda ruwa ya kwana. Da idona na ga wani jirgi, mai nuna wurin ajiya yana ta yafito shi, tayar gaba ta faɗa wani ɗan kwari, farfela ta yanki ƙasa ta watsar, injin ya mutu nan take. Mai jirgin ya sauko yana shafa bakin farfelar da ya lanƙwashe, ko uffan bai ce ba. Har yau ina jin tausayinsa.

Kuma asarar ba ta tsaya a farfela ba. A ƙa'idar Lycoming, kamfanin da ke ƙera injinan ƙananan jirage, ko da ba ta lanƙwashe ba, muddin gudun injin ya faɗi farat ɗaya don ta bugi doguwar ciyawa ko ruwa, bugun farfela ake ɗaukarsa, sai an buɗe injin an duba.

Don haka ka ja sitiyari baya har ƙarshe, ka riƙe shi a haka, nauyi ya ragu a tayar gaba. Ka tafi da saurin mai tafiya a ƙasa, kada ka danna birki da ƙarfi, don shi ke sa hancin jirgi ya sunkuya. In akwai raɓa ma birkin ba ya kamawa sosai. Wajen sauka daga kwalta ko hawa kanta, ka shiga a karkace, tayoyin su tsallaka ɗaya bayan ɗaya. Masu yafito ka mutanen kirki ne, galibi 'yan sa kai, amma alhakin jirgin a wuyanka yake. Ni in zuciyata ba ta kwanta da wuri ba, kashe injin nake yi, in taka wurin da ƙafa, mu ja jirgin da hannu.

Wajen kwana kuma, ka sa katako a ƙarƙashin tayoyi don kada su nutse in ƙasa ta jiƙe. A 2010 ruwan sama ya jiƙe filin taron Oshkosh a Amurka har ajiye jirage a ciyawa ya gagara na ɗan lokaci. A 2011 kuma guguwa ta kifar da jirage a taron Sun 'n Fun na Florida. Ka tafi da igiya mai ƙwari da turakun ƙarfe, ka kafa su a ƙasa a karkace, ka ɗaure jirgin ta fukafukai biyu da wutsiya. In an yi ruwa da dare ka sake jan kowane turke ka ji, don jiƙaƙƙiyar ƙasa sakinsa take yi.